Birni da Ƙauye Cikin Littattafan Hausa: Inda Gari Ya Ɓace

Kusan duk malamin da ya taɓa koyar da Hausa ya san tambayar nan da a kan ba yara su yi insha'i ko muhawara a kanta, watau: "Da zaman birni da zaman ƙauye wanne ya fi?" Wanda kuma ya taɓa zama ya duba takardun amsa ya san abin da zai tarar tun bai buɗe ba. Birni akwai lantarki da famfo da asibiti, amma cike ya ke da ɓarayi da mashaya. Ƙauye akwai iska mai daɗi da abinci da zumunci, amma jahilci ya yi masa katutu. Abin mamaki shi ne, da yaron da ya tashi a Fagge cikin Kano, da wanda ya tashi a Fagada cikin ƙasar da ta haɗa Jega da Aliero da Maiyama, amsarsu guda ce, har jerin kalmomin. Tun da yaran nan biyu ba su ga abu ɗaya da idanunsu ba, lalle wani wuri su ka samo amsar, kuma ina zaton daga littattafan da mu ke karantar da su ne.

Nufina cikin wannan takarda shi ne in bi sawun wannan magana cikin rubuce-rubucen Hausa, sa'an nan in auna ta da ma'aunin ƙasar Jega. Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne, marubutanmu sun raba duniyar Bahaushe gida biyu, birni da ƙauye, su ka bar abu biyu a waje waɗanda galibin mutanen yamma a cikinsu su ke rayuwa: gari, da cin rani.

I. Abin da kalmomi su ke faɗi

Kafin a je ga littattafai ya kamata a saurari harshen kansa. Asalin ma'anar birni ita ce ganuwa, watau katangar da a ka kewaye gari da ita, daga baya sunan ya bi garin da ke ciki. Don haka ne mu ke da Birnin Kabi da Birnin Yawuri da Birnin Gwari da Birnin Ƙonni. Ba yawan jama'a ne ya ba su sunan ba, tsaro ne da sarauta. A ƙarƙashin birni akwai gari, mai kasuwa da masallacin Juma'a da hakimi ko dagaci. A ƙarƙashin gari akwai ƙauye, sa'an nan tunga, wadda sunanta ya cika taswirar Kabi da Zamfara, sa'an nan ruga. Ashe dai tsani ne mai matakai, kowa kuma ya na kallon na ƙasa da shi da idon da na sama ya ke kallonsa. In mutumin Fagada ya ce za shi cikin gari cin kasuwa, mai yiwuwa Jega ya ke nufi. Mutumin Jega kuma ya ɗaga kai ya dubi Birnin Kabi da Sakkwato. Bakano ya haɗa su duka ya ce mutanen yamma. In kuwa an sauka Ikko, watau Legas, da Bakanon da mutumin Fagada suna guda a ke kiransu da shi a bakin titi.

Harshen bai goyi bayan kowa ba. In an ce wane baƙauye ne, an zage shi da rashin wayewa. In an ce wane ɗan birni ne, ba yabo ba ne, ana nufin a riƙe aljihu. Akwai kuma kalma ta uku da ta fi su ban sha'awa, ita ce bagidaje, wadda ta fito daga gida. Watau a wurin Bahaushe wauta ba ta ƙauye ba ce kaɗai, ta wanda bai taɓa fita ba ce, ko da a gindin Dala a ka binne cibiyarsa. Karin magana ma haka ta ke, bakinta biyu. Ta ce kowa ya bar gida gida ya bar shi, ta kuma ce tafiya mabuɗin ilmi. Duk wanda ya ɗauki ɗaya ya yar da ɗaya ya rage wa Hausa rabin hikimarta.

II. Ra'ayin magabata

Waɗansu su na tsammani ƙyamar birni tsohuwar gado ce daga malaman jihadi. Tarihi bai nuna haka ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ƙarar da yawancin mulkinsa wajen kafa ribaɗi da garuruwa, ya na jan makiyaya su zauna wuri guda, su gina masallatai, su koyi sana'a, su sa 'ya'yansu karatu. Shi kansa a ribaɗin Wurno ya rasu cikin 1837, can kuma kabarinsa ya ke. Ga Bello, zaman gari shi ne inda shari'a da ilmi su ke samun wurin tsayawa. Wannan kuwa ya yi kusa da bayanin da Ibn Khaldun ya yi a Muƙaddima tun ƙarni na 14, cewa sana'o'i da ilmi a alƙarya su ke bunƙasa, ko da ya ke shi ya ƙara da cewa jin daɗin alƙarya ya kan kashe ƙarfin zuciya.

Jega kanta 'yar wannan zamani ce. Kusa da ita Gimbana ta ke, garin Malam Abdussalami, wanda harin da Gobirawa su ka kai masa ya na cikin dalilan hijirar Shehu daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Ɗansa Buhari shi ya kafa Jega wajen 1820, a bakin Gulbin Zamfara, ƙarƙashin Gwandu. Kafin ƙarnin ya ƙare kasuwarta ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin yammacin daula, inda fataken goro da 'yan kasuwar Ilori da na Nufe su ke haɗuwa da mutanen arewa. A wannan ƙasa tamu kuma a ke da kufan Surame, birnin Kanta na ƙarni na 16, da kufan Alƙalawa, wadda ta faɗi a 1808. Wurin da ba kowa ya zama kasuwar duniya, birnin sarakuna ya zama gona. Mutumin da ya tashi tsakanin waɗannan wurare ya san birni da ƙauye ba halittu ba ne masu tabbata, matsayi ne da wuri ya kan hau ya kuma sauka.

III. Littattafan farko

Da a ka zo zamanin boko, gasar da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933 ta haifar da littattafan da har yau su ne tushe. In an duba su da kyau za a ga ba su ɗauki barin gida laifi ba. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji Imam ya bar Kwantagora ya shiga duniya gari gari, ya na cuta ana cutarsa, ya komo da arziki da ɗaukaka. Tafiyar ita ce ta yi shi. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, yaron ya sha wuyar bauta har ƙetaren hamada, amma inda ya ƙare ya zama babban malami shi ne Rauta, ƙaramin wuri a ƙasar Bauci, almajirai kuma su na zuwa masa daga nesa. Wannan hoto ne na gaskiya, gama a ƙasar Hausa sau da yawa ilmi a ƙananan garuruwa ya kan yi sheƙa, kamar yadda Ɗegel ta ke kafin a san Sakkwato. A Jiki Magayi na John Tafida da East, sharrin da ya rusa gidan Malam Shehu daga ƙarfin dukiya da ramuwar gayya ya taso, kuma cikin daji Abubakar ya je ya nemo maganin da ya lalata Kyauta. Ba wanda ya ɗora wa birni laifin.

Abin da littattafan nan su ka gada daga tatsuniya shi ne baƙauye abin dariya. A Magana Jari Ce, wanda ya fara fita a 1937, Imam ya haɗa wani baƙauye da waɗansu 'yan birni cikin labari guda, abin da ke tsakaninsu kuwa wasan wayo ne. Wannan raha ce, ba wa'azi ba. Amma ita ce irin da a ka shuka, gama daga nan yaro ya fara ganin mutum biyu tsaye su na fuskantar juna, babu na uku a tsakani.

IV. Sa'ad da birni ya zama dodo

Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, Zamanin Nan Namu na 1959 da Jatau Na Kyallu na 1960, su ne su ka fara zana birnin zamani da baƙin fenti: kuɗi, da karuwanci, da shari'a, da lalacewar tarbiyya. Malam Jatau attajiri ne da ya ƙi jin shawara ya auri Kyallu, ta kai shi ta baro. Sai dai Maƙarfi ɗan gari ne mai yi wa 'yan gari faɗa. Bai ce kowa ya tattara ya koma gona ba.

Littafin da ya faɗi haka ɓaro-ɓaro shi ne Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda kamfanin NNPC ya buga a Zariya cikin 1978. Sunan kaɗai ya isa sharhi: wanda ya yi wa rogo kallon kitse zai sha mamaki in ya kai baki. Saurayi ne ya raina zaman ƙauye, ya tafi birni neman daɗi, ya faɗa hannun miyagun abokai, ya shiga aikata laifi, har ya ɗanɗani gidan yari, darasin kuma shi ne komawa gida da riƙon fartanya. Wajibi ne a yi wa littafin adalci. Ya fito a lokacin da kuɗin man fetur su ka janye samari daga gonaki, dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace, fari na farkon shekarun 1970 ya tura jama'a cikin birane, gwamnatin Janar Obasanjo kuma ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, wanda shirin noma na Shugaba Shehu Shagari ya biyo bayansa a 1980. Ɗangambo ya ga ciwo na gaske ya rubuta magani, da Hausa mai kyau, kuma tashoshin mota da ɗakunan 'yan iska da ya siffanta ba ƙage ba ne.

Inda na ke da magana shi ne ginin labarin. An ɗora shi bisa tsarin wa'azi: zunubi, azaba, tuba. Fita daga ƙauye ta zama kamar saɓo, komowa ta zama kamar istigfari. Da zarar an gina labari haka, tilas ƙauye ya zama wuri marar aibi, in ba haka ba tubar ba ta da ma'ana. Sai a rufe ido ga abubuwan da su kan kori saurayi daga gida tun farko: gonar gado da a ka raba har ta zama ba ta ciyar da gida, bashin da a kan ci da damina a biya ninki da kaka, kuɗin aure, rashin ruwa, da watanni shida ko bakwai na rani da babu aikin yi. Binciken da Polly Hill ta yi a Ɓatagarawa kusa da Katsina, wanda a ka buga a 1972, ya nuna cewa cikin ƙauye guda akwai mai rumbu cike da wanda ke sayar da ƙwadagonsa a gonar maƙwabci tun shuka ba ta fito ba. Ƙauyen wa'azi ba shi da irin wannan bambanci, kowa a ƙoshe ya ke, kowa ɗan'uwan kowa ne. Raymond Williams ya lura da irin wannan cikin adabin Ingilishi a littafinsa na 1973 a kan ƙauye da birni: galibi wanda ya riga ya zauna cikin birni shi ke rera daɗin ƙauye, kuma kullum ƙauyen kirki ya na can baya, zamanin kakanni. Mu ma da namu karin maganar, garin daɗi ba kusa ba.

Bature Gagare ya karya wannan hoto a Ƙarshen Alewa Ƙasa na 1982, inda ƙauyen da Mailoma ya fito ke da nasa duhu da nasa tashin hankali. Amma littattafan soyayya da su ka cika kasuwar Kano tun daga ƙarshen shekarun 1980 sun koma ga rabon nan na gida biyu, sai dai sun juya shi. A yawancinsu birni ne gidan jarumi, ƙauye kuwa wurin da a ke samo 'yar aiki ne, ko inda a ke tura yarinya horo in ta ƙi zaɓin iyaye. Finafinai su ka ɗora, marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya sa ƙasa duka dariya da rigar baƙauyen da ya shigo birni. Da mai yabon ƙauye da mai yi masa dariya, duka daga kan ganuwa su ke hangensa.

V. Ma'aunin ƙasar Jega

To, a ɗauki wannan hoto a kai shi Fagada a gwada. A ce ga saurayi ya gama girbin gero da dawa, rumbu ya rufu. Tambayar da ke gabansa ba ta zaɓen birni ko ƙauye har abada ba ce. Tambayar ita ce, ina za a ci ranin bana? Wannan al'ada tsohuwa ce ƙwarai a yamma. A ranin 1952 zuwa 1953 an ƙidaya masu fita daga Lardin Sakkwato, wanda a lokacin ya haɗa da Gwandu da Argungu da Yawuri, a ka sami mutum sama da 250,000, cikinsu har da waɗanda su ka ratso daga ƙasar Faransi. R. M. Prothero, wanda ya yi nazarin ƙidayar, ya rarrabe tsakanin masu cin rani da 'yan tuma da gora, watau masu dogon zango zuwa Kurmi da Gwalkwas, ƙasar da a ke kira Gana yanzu. Galibinsu da hadari ya fara haɗuwa sai su juyo gida. Mai cin rani ya rage wa rumbu baki guda, ya komo da kuɗin haraji da tufafi da sadaki. A idon iyayensa wanda ya tafi shi ne ɗan kirki, wanda ya zauna ya na kashe wando a gindin bishiya shi ne abin kunya. Wannan ya juya darasin Kitsen Rogo a kansa. Ga mutum dubu ɗaruruwa su na tafiya su na komowa kowace shekara, amma da wuya ka nuna ƙagaggen labari guda sananne wanda mai cin rani ne jaruminsa, ya tafi da mutunci ya komo da mutunci.

Sa'an nan ga garuruwan kansu. Jega ta na kan mararrabar babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Maiyama da Koko zuwa Yawuri da Kwantagora, da wadda ta nufi Birnin Kabi. Aliero ta yi suna da albasa, wadda a ke lodinta a manyan motoci zuwa kasuwannin Kudu, ta kuma yi suna da masu ɗorin karaya, har mutanen manyan birane su kan ɗauko majinyacinsu su kawo. Tun 2006 akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a garin. Manomin albasa na Aliero da ke jin farashin Ikko ta wayar hannu kafin ya ɗaure buhu, ɗansa kuma ya na karatun injiniya a bayan gari, baƙauye ne ko ɗan birni? Babu ɗaya daga cikin rigunan biyu da ta yi masa daidai. Noman rani da injin ban ruwa, da shirin ba manoman shinkafa rance wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kabi cikin Nuwamba 2015, sun sa waɗansu da dā su kan fita cin rani sun ci shi a fadamar gida. Ambaliyar 2020 kuma ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar, ta tuna wa kowa dalilin da ya sa kakanni ba su taɓa dogara ga ƙofa guda ba.

Misali mafi kusa da mu masu nazarin adabi shi ne Alhaji Aƙilu Aliyu. A Jega a ka haife shi cikin 1918. Neman ilmi ya kai shi Kano, ya yi shekaru masu yawa a Barno, ya shiga gwagwarmayar NEPU, ya komo Kano ya zauna har rasuwarsa a 1999. In an bi ma'aunin wa'azi, ga yaro ya bar gida bai komo ba. Amma wannan tafiya ita ta ba mu Fasaha Aƙiliya, kuma wanda ya tsaya ya yi wa 'yan boko faɗa a kan gurɓata harshe cikin Hausa Mai Ban Haushi ɗan ƙaramin gari ne da ya zo birni ya koya wa 'yan birni Hausa. Kunnen da ya ke jin kalma da shi a kasuwar Jega ya fara wasuwa, inda harsuna da karin harshe iri iri su ke gogayya. Irin wannan gari ne kuma ya ba Nijeriya Farfesa Attahiru Jega, wanda ya shugabanci Jami'ar Bayero, sa'an nan hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015. Gari shi ne makarantar da a ke koyon hulɗa da baƙo ba tare da an rabu da dangi ba.

VI. Batun karin harshe

Akwai wata ɓarna da wannan rabo ya jawo wadda ta shafi malamai kai tsaye. Da a ka zo daidaita Hausa, aikin da Hukumar Harshen Hausa ta ɗauka daga 1955, bisa Kananci a ka gina ta. Wannan ba laifi ba ne, tilas a zaɓi ɗaya. Laifin shi ne abin da ya biyo baya a dandalin wasa da cikin aji, inda sau da yawa in ana son a nuna baƙauye sai a sa masa munka da sunka da shina a baka. Yaron Maiyama da ya ga haka zai fahimci cewa harshen uwarsa shi ne ƙauyanci. Alhali kuwa da wannan karin harshe Nana Asma'u da malaman Sakkwato da Gwandu su ka rubuta waƙoƙinsu na Hausa a ƙarni na 19, da shi kuma manyan makaɗan fada irin su Narambaɗa su ka yi waƙa. Abin da ya ke harshen fada da zauren malamai jiya, shi a ka mayar abin dariya. Malamin da ya ja jan alƙalami a kan sunka ba tare da ya gaya wa yaro tarihinta ba ya gyara rubutu ya ɓata zuciya.

VII. Abin da za a iya cewa, da amsarsa

Mai karatu zai iya cewa labari ba ƙidayar jama'a ba ne, marubuci ya na da ikon ya zaɓi baƙi da fari don gargaɗinsa ya shiga kunne. Gaskiya ne, kuma ban ce a cire Kitsen Rogo daga manhaja ba. Amma gargaɗi ya na aiki ne in mai sauraro ya ga kansa a ciki. Yaron da ubansa da yayyensa su ke cin rani a Ibadan ko Ikko kowace shekara, da kuɗin kuma a ka saya masa littafin, in an karanta masa cewa mai zuwa birni ɓatacce ne, ɗayan biyu zai faru: ko ya raina ubansa, ko ya raina littafin. Duka biyu hasara ce gare mu.

Yau kuma maganar ta ƙara nauyi. Shekarun nan 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka masu yawa a Zamfara da Sakkwato da kudancin Kabi, har su ka kwashi ɗalibai daga kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri cikin Yuni 2021. Dubban mutanen da su ka bar gonakinsu ba kitse su ka hango ba, rai su ka gudu da shi, kuma yawancinsu a garuruwa mafi kusa su ka fara sauka, wurin dangi. Tsohuwar ma'anar birni, watau wurin tsira, ta komo ba ganuwa. Marubucin da zai ce da waɗannan mutane su koma ƙauye don can ne albarka ta ke, ya na bukatar ya fara amsa tambayar wa zai tsare su. Tsarin zunubi da tuba ba shi da wurin ajiye irin wannan labari.

An fara ganin alamun sauyi. Wasan Daɗin Kowa na tashar Arewa24 an gina shi ne a kan wani ƙirƙirarren gari matsakaici, inda malamin allo da ɗan kasuwa da ɗan gudun hijira da wanda ya komo daga birni su ke zaune unguwa guda, karɓuwar da ya samu kuwa ta nuna jama'a sun gane wurin. Abin da ya rage shi ne rubutaccen labari ya bi sawu. Kayan aikin su na nan zube: ranar kasuwa a Jega tun daga asuba har a watse, zauren mai ɗori a Aliero inda attajirin birni da makiyayi su ke kwance tabarma kusa da tabarma, motar albasa da kwanakin da ta ke yi a hanya, matar da ke riƙe da gida wata biyar mijinta na Kurmi, da ranar da masu cin rani su ke sauka daga mota ana gobe shuka.

Ga 'yan'uwana malamai kuwa shawarata ƙarama ce. In za a koyar da Kitsen Rogo, a haɗa shi da Ruwan Bagaja da tarihin Aƙilu Aliyu, yara su ga fita iri uku da ƙarshe iri uku. In kuma za a ba da insha'i, a bar tambayar wanne ya fi. A ce wa yaro ya rubuta wuraren da mutanen gidansu su ka kwana cikin shekara guda, da abin da ya kai kowa, da abin da ya komo da shi. Na tabbata takardar yaron Fagge da ta yaron Fagada ba za su ƙara zama iri ɗaya ba, kuma watakila cikin masu rubuta su a sami wanda zai ba mu littafin da mu ke jira. Allah ya sa mu ga wannan rana.